Faifan Disraeli Gears na Cream: Ina Ƙarfinsa, Ina Rauninsa?

Malam Garba:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mako biyu ke nan ina sauraron faifan nan na Cream mai suna Disraeli Gears daga farko har ƙarshe ba tare da tsallake waƙa ko ɗaya ba, domin na lura da yawa daga cikinmu waƙa biyu ko uku kawai muka sani a cikinsa, amma muna kiransa gagarumin faifai saboda mun ji manya suna faɗa. Ga wanda bai san shi ba, Cream ƙungiyar makaɗa ce ta mutum uku 'yan Birtaniya, su suka yi shi: Eric Clapton a jita, Jack Bruce a jitar bes da yawancin rerawa, sai Ginger Baker a ganguna. Sun naɗe shi a ɗakin naɗar sauti na kamfanin Atlantic da ke New York, akasarinsa cikin 'yan kwanaki a watan Mayun 1967, ya fito kasuwa a watan Nuwamba na shekarar. Waƙoƙi 11 ne, tsawonsu duka bai wuce minti 33 da 'yan kai ba.

Abin da na fito da shi daga wannan sauraro shi ne, waƙoƙi huɗu ne suke ɗauke da faifan a ka: Sunshine of Your Love, Tales of Brave Ulysses, We're Going Wrong da SWLABR. Biyu kuwa cikon benci ne, wato Blue Condition da Mother's Lament. Sauran suna tsaka-tsaki. Tambayata ita ce, faifan da bai kai minti 35 ba, kuma aka samu cikon benci a cikinsa, ya cancanci kujerar da aka ɗora shi a kai? Ina so in ji daga waɗanda suka fi ni daɗewa da shi.

Alhaji Isa:
Wa alaikumus salam, Malam Garba. Ka taɓo abin da na shaƙu da shi tun ina saurayi. A ɗakin yayana na fara ganin wannan faifai a Zariya, a tsakiyar shekarun 1970, kuma kafin kunnena ya ji komai bangon ne ya kama idona: ja da ruwan hoda da ɗorawa sun cakuɗe, furanni da fukafukai ko'ina, fuskokin mutum uku suna leƙowa daga sama. Wani mai zane ɗan Ostireliya, Martin Sharp, shi ya yi shi. Yayana ba ya barin kowa ya ɗora allura a kan faifan sai shi, yakan goge shi da ƙyalle mai laushi tukuna, sannan ya ce mu yi shiru.

Na kawo wannan ne domin in tuna maka cewa faifan garmaho fuska biyu gare shi, kuma haka aka tsara waƙoƙin. Waɗannan biyun da ka kira cikon benci, kowace ita ce ta ƙarshe a fuskarta. Blue Condition ta rufe fuskar farko, Mother's Lament ta rufe ta biyu. Wanda yake sauraro a waya yau yana jin su a jere kamar kowace waƙa, mu kuwa a lokacin su ne alamar cewa a tashi a juya faifai, ko a mayar da shi cikin bangonsa. Ban ce suna da ƙarfi ba. Na dai ce inda aka ajiye su ya nuna masu faifan sun san nauyinsu.

Malam Garba:
Na gode, Alhaji, wannan bayani na fuska biyu ya ƙara mini haske. Sai dai ina ganin hujjar ta fi taimakon ɓangarena. Idan sun san waƙoƙin ba su da nauyi har suka tura su ƙarshe, to sun san ke nan kayan da suke da shi bai cika faifai ba. Blue Condition, Baker ne ya rubuta ta kuma shi ya rera, da murya mai nauyi da ba ta hawa ba ta sauka, kiɗan kuma yana jan ƙafa har ta ƙare. Mutumin da gangunansa suka girgiza Landan, an sa shi aikin da ba nasa ba.

Kabiru Makaɗi:
Malam Garba, na yarda da kai a kan muryar Baker, amma ina roƙon kada mu bar maganarsa a nan, domin a ganina shi ne ƙashin bayan faifan. Ni ganga nake kaɗawa, saboda haka kunnena can yake fara zuwa. A kiɗan rok da aka saba, ƙaramar gangar nan mai tsawa tana faɗowa ne a bugu na biyu da na huɗu. A Sunshine of Your Love an juya abin, nauyin ya koma bugu na ɗaya da na uku, kuma a kan manyan ganguna masu zurfin amo, kusan ba a taɓa farantan ƙarfen da ake bugawa tare da ganguna ba. Shi ya sa waƙar take tafiya kamar raƙumi mai kaya, a hankali amma ba a iya tare ta. Na taɓa gwadawa da abokaina, na kaɗa mata bugun da aka saba, nan take ta koma waƙar rawa irin ta kowa, duk kwarjininta ya zube. Tom Dowd, injiniyan da ya naɗi sautin, ya ce shi ya ba da shawarar wannan bugu, Baker kuma ya ce tunaninsa ne. Ko wane ne mai gaskiya a cikinsu, hannun da ya kaɗa na Baker ne.

Sannan a saurari We're Going Wrong da kyau. Babu bugu na tsaye a cikinta ko kaɗan, ganguna ne suke ta birgima a ƙarƙashin siririyar muryar Bruce kamar cida daga nesa, suna kumbura suna lafawa. Makaɗin rok na wancan zamani aikinsa riƙe lokaci, shi kuwa Baker magana yake yi da ganga. Ya fito ne daga kiɗan jaz, kuma malaminsa Phil Seamen ya saurarar da shi faya-fayan gangunan Afirka tun yana matashi. Ba mamaki da bayan watsewar Cream ya ratsa Sahara da mota daga Aljeriya zuwa Najeriya a 1971, ya zauna a Legas, ya yi faifai tare da Fela Kuti, har ya kafa ɗakin naɗar sauti a Ikeja. Wanda ya san abin da ya yi a Legas, idan ya koma kan We're Going Wrong zai ji inda zuciyarsa ta dosa tun 1967.

Hajiya Rabi:
Sannunku da ƙoƙari. Ni koyar da adabi nake yi, don haka ta wajen kalmomi zan shigo, kuma a nan nake ganin babban raunin faifan. Mu da muka tashi da waƙar da ake auna ta da ma'ana, ko ta yabo ce ko ta gargaɗi ko ta bege, idan muka zauna da baitocin wasu waƙoƙin nan sai mu tarar hoto ne a kan hoto ba tare da zaren da ya ɗinke su ba. SWLABR, wadda Malam Garba ya sa cikin huɗun farko, sunanta ma taƙaitawa ce ta jimlar da ke kwatanta mace da bakan gizo mai gemu. Pete Brown ne ya rubuta baitocin, mawaƙin baka ne da ya yi aiki da Bruce shekaru da yawa, kuma ban raina basirarsa ba, amma wannan salo na saikadelik da aka yi yayinsa a 1967 ya ginu ne a kan kwaikwayon abin da mai maye yake gani, launuka suna narkewa, abubuwa suna sauya siffa. Ba na jin ya dace mu yaba faifan mu ƙi faɗin wannan, domin ƙwayoyin da suka haifi salon sun lalata rayuwar mawaƙa da dama na wancan zamani.

Tales of Brave Ulysses kaɗai na cire daga wannan hukunci. Shi mai zanen bangon nan da Alhaji ya ambata, shi ya rubuta baitocinta ya miƙa wa Clapton, kuma ya jingina su da tsohon labarin Girkawa na matuƙin jirgin ruwan da muryoyin matan teku suke yaudara zuwa halaka. A nan hotunan suna da wurin zuwa: mutum ya gudu daga sanyin ƙasarsa zuwa bakin teku mai rana, ya sami abin da ransa yake so, kuma ya san abin zai iya cinye shi. Wannan waƙa ce da za a iya zama a tattauna ta a aji.

Musa Ɗan Damagaram:
Hajiya, ina gaisuwa. Ni yaro ne a cikinku, amma ina neman izini in ce wani abu a kan SWLABR. Gaskiya ne baitocin ba su da kan gado, sai dai lokacin da na fara jin waƙar ban iya Ingilishi ba, kuma ta kama ni duk da haka. Minti biyu da rabi ce kawai, tana shigowa da gudu, jita da bes suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ta fita kafin mutum ya gaji. A irin wannan kiɗa murya ma kayan kiɗa ce, kuma Bruce yana jefa kalmomin ne saboda amonsu.

A kan jitar Clapton kuwa, akwai abin da na gano da hannuna. Na daɗe ina neman yadda ake samun wannan sauti mai kauri da taushi, wanda yake kama da kuka a maƙogwaro, har wani babba ya nuna mini: ka murɗe maɓallin kaifin sauti na jikin jitar har ƙasa, ka buɗe na ƙara har ƙarshe, ka bar lasifika ta yi aikinta. Ranar da na gwada a ɗakinmu, tsirkiya ɗaya na ja na riƙe, sautin ya tsaya a iska ya ƙi mutuwa, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Clapton da kansa yakan kira shi sautin mace, kuma da jita ƙirar Gibson SG da lasifikokin Marshall ya same shi. A Tales of Brave Ulysses kuma ya yi amfani da na'urar nan da ake takawa da ƙafa mai sa jita ta riƙa buɗe baki tana rufewa, a lokacin sabuwa ce fil a kasuwa. Yana da shekara 22 kacal. Mu masu koyon jita a yankinmu, da muke da gwanaye irin na Agadas a kusa, mun san darajar mutumin da zai iya sa tsirkiya ɗaya ta yi magana.

Dokta Bashir:
Musa, ƙanena, ka yi bayani mai kyau, amma ka kawo mu daidai inda nake jira. Wannan magana da tsirkiya ɗaya take yi, muryar wa take yi da ita? A saurari Strange Brew, waƙar da ta buɗe faifan, sannan a nemi faya-fayan da Albert King ya yi wa kamfanin Stax a Memphis a 1966, irin su Crosscut Saw da Oh Pretty Woman. Jan tsirkiyar, da inda ake dakatawa, da inda ake cizawa, duk na Albert King ne, kusan ɗaya bayan ɗaya. Albert King bahago ne, yana riƙe jitarsa a juye, yana jan tsirkiya ƙasa maimakon turawa sama, kuma daga wannan riƙo salon ya fito. Ita kanta Strange Brew ba sabuwa ba ce. Tsohuwar waƙar buluz ce mai suna Lawdy Mama da Cream suka naɗa, sai mai shirya faifan, Felix Pappalardi, ya tafi da kiɗan, shi da Gail Collins suka ɗora masa sababbin baitoci, aka sa Clapton ya rera a kai. Outside Woman Blues kuma ta Blind Joe Reynolds ce, makahon mawaƙin da ya naɗe ta a 1929.

Abin da yake damuna shi ne, buluz kiɗan baƙaƙen fatan kudancin Amurka ne, ya fito daga gonakin auduga da wariya da talauci. Samari uku daga Birtaniya suka ɗauke shi, suka ƙara masa ƙara da launi, suka komar da shi Amurka, faifansu ya kai mataki na 4 a jerin Billboard na faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka, alhali yawancin waɗanda suka ƙirƙiri salon ba su taɓa ganin irin wannan kasuwa ba. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Kuma ba zan iya mantawa ba cewa a 1976, a kan dandamali a Birmingham, Clapton ya yi kalaman ƙyamar baƙi da suka jawo aka kafa gangamin yaƙi da wariyar launin fata mai suna Rock Against Racism. Daga baya ya nuna nadama, amma duk lokacin da na ji Strange Brew abin yana dawo mini.

Alhaji Isa:
Dokta, abin da ya faru a Birmingham abin kunya ne, kuma ba wanda zai kare shi a nan. A kan aro kuwa ina da ja. Wane makaɗi ne bai fara da kwaikwayon ubangidansa ba? Abin dubawa shi ne ko ya ɓoye sunan mai kaya. Cream ba su ɓoye ba. Sunan Reynolds yana rubuce a jikin faifan. A faifansu na farko, Fresh Cream na 1966, sun rera I'm So Glad ta Skip James da sunansa, kuma kuɗin da ya samu daga wannan ya taimaka masa wajen jinya a ƙarshen rayuwarsa. A faifan da ya biyo bayan Disraeli Gears sun rera Born Under a Bad Sign da Albert King ya yi suna da ita. Ni kaina ta hanyarsu na san akwai wani Albert King a duniya, kuma na tabbata ba ni kaɗai ba ne.

Dokta Bashir:
Ranka ya daɗe, na karɓi batun Skip James, gaskiya ne kuma abin yabo ne. Amma rubuta sunan mai waƙa daban, kwashe salon jan tsirkiyar mutum daban, domin shi salo ba a biyan ladansa. Duk da haka ba ina cewa a jefar da faifan ba. Abin da nake cewa shi ne, inda suka tsaya kusa da buluz na asali a nan suka fi rauni, domin a nan ana iya ɗora su a sikeli ɗaya da masu abin, kuma ba sa rinjaye. Inda suka yi nisa da shi suka gina nasu, a nan suka fi ƙarfi. We're Going Wrong ba ta da uba a Memphis ko Shikago. Ta Jack Bruce ce, mutumin Sikotland da ya yi karatun kiɗan gargajiyar Turai a Glasgow kafin ya shiga jaz.

Malam Garba:
Wannan rabe-rabe na Dokta ya fi nawa ma'ana, kuma ya sa na sake duba lissafina. Na lura waƙoƙi huɗun da na zaɓa, uku daga ciki da hannun Bruce a rubutunsu, ta huɗun kuma shi ya rera ta. Abin mamaki shi ne shugaban Atlantic na lokacin, Ahmet Ertegun, Clapton ya fi so a tura gaba a matsayin jagora, shi ya sa aka buɗe faifan da muryarsa, alhali nauyin ƙirƙira yana wuyan mai bes. Amma ina Sunshine of Your Love za ta faɗa a wannan rabo, Dokta? Karin nan nata mai gangarowa daga ma'aunin buluz aka ciro shi, zubin waƙar ma na buluz ne da aka miƙar da shi, kuma Bruce ya ce bayan ya kalli wasan Jimi Hendrix a Landan ne karin ya zo masa. Ga aro nan ta ko'ina, amma ba wanda zai ji ta ya ce ta wani ce.

Dokta Bashir:
A nan ba ni da ta cewa, Malam. Yabon gwani ya zama dole. A wannan waƙa sun narkar da abin da suka aro har ya zama nasu.

Kabiru Makaɗi:
Akwai rauni guda da ba a ambata ba, kuma ya shafi kunne kai tsaye. Duk wanda ya saurari faifan da abin sawa a kunne zai tarar an tattara gangunan a gefe guda, sautinsu ya ƙanƙance kamar daga ɗakin maƙwabta ake kaɗawa. Haka ake raba sauti a wancan zamani, amma an cuci Baker. Wanda ya samu bugun da sautin yake fitowa a haɗe ta hanya ɗaya, ya gwada shi, zai ji kiɗan ya fi cika da nauyi.

Sannan masu cewa wannan faifai bai nuna ainihin Cream ba suna da hujja. A kan dandamali sukan ɗauki waƙa ɗaya su ja ta minti 15 ko fiye, kowa yana kora ɗan'uwansa, kamar yadda ake ji a Spoonful da ke cikin Wheels of Fire na 1968. A Disraeli Gears babu wannan ko kaɗan, mafi tsawon waƙa minti huɗu ce da 'yan daƙiƙoƙi.

Alhaji Isa:
Kabiru, ɗana, abin da ka kira rashi, ni shi nake ganin ya ceci faifan. Mutum uku ne, kowa gwani, kowa yana ji da kansa. Bruce da Baker tun suna ƙungiyar Graham Bond ba sa ga maciji da juna. Idan aka sake musu linzami kowa gabansa yake yi, kuma wannan jan waƙa na dandamali, da ƙarar lasifika, da rigimar da ba ta ƙarewa, su suka gajiyar da su har suka yi wasan bankwana a Royal Albert Hall a watan Nuwamban 1968, shekara biyu da 'yan watanni bayan kafuwarsu. A New York kuwa lokaci ya ƙure musu, ga Pappalardi a tsaye yana datse duk abin da ya yi yawa, dole kowa ya faɗi maganarsa cikin minti uku ya ba ɗan'uwansa wuri. Ka duba kiɗan da jitar Clapton ta yi ita kaɗai a tsakiyar Sunshine of Your Love, gajere ne, ya fara shi da ɗan karin wata tsohuwar waƙa mai suna Blue Moon, ya gama ya koma layi. Na fi shekara 40 ina jin sa, har yau zan iya rera shi da baki. Daga cikin dogayen na dandamali ba na iya tuna ko ɗaya haka.

Hajiya Rabi:
Alhaji, na yarda datsewar ta yi amfani, amma hannun Pappalardi ya bar tabo shi ma. World of Pain, wadda shi da Gail Collins suka rubuta, waƙa ce mai laushi a kan wata bishiya da ake hange ta taga, kuma ba ta dace da bakin waɗannan mutum uku ba, kamar an ɗinka riga aka ce dole su sa. Dance the Night Away kuma, da jitarta mai tsirkiya 12, ta fi kama da kiɗan The Byrds na Kalifoniya. Wato a fuskar farko, bayan Sunshine, waƙoƙi uku ne a jere da ba su kai ba.

Wadda nake ganin an yi wa rashin adalci a wannan zance ita ce Take It Back. Ba wanda ya ambace ta. A sama kamar waƙar shagali ce, da hayaniyar mutane da busar harmonika ta Bruce, amma a ƙasa maganar saurayi ce da aka aiko wa takardar kiran soja a lokacin yaƙin Biyetnam yana cewa a mayar da ita. Ita kaɗai ce a faifan ta leƙa waje ta ga abin da yake faruwa da samarin Amurka a 1967.

Musa Ɗan Damagaram:
Hajiya, wallahi ban taɓa sanin abin da Take It Back take nufi ba sai yau, kullum tsallake ta nake yi. Zan koma mata a daren nan. Alhaji, ina da tambaya: a faifan garmahon yayanku, wace fuska kuka fi sawa?

Alhaji Isa:
Ta biyu, Musa. Har ta fi ta farko karcewa, allura takan yi tsalle a tsakiyar We're Going Wrong, sai yayana ya ɗora kwabo a kan hannun allurar don ta zauna.